Amsoshin Tambayoyinku: Talaka Zai Iya Kai 'Yan Sanda Ƙara Idan Sun Azabtar Da Shi A Tsare?

TAMBAYA

Malam, ni manomi ne a Mawashi, Ƙaramar Hukumar Kusada. Wata biyu da suka wuce aka sace babur ɗin wani mutum a yankinmu, sai ya ce ƙanena yake zargi. Da 'yan sanda suka zo ba su same shi a gida ba, suka tafi da mahaifinmu, tsoho, suka ce ba za su sake shi ba sai yaron ya kawo kansa. Washegari ya kai kansa. Kwanansa 6 a bayan kanta, ba a kai shi kotu ba. Ya ce ɗaure shi aka yi ta baya, aka yi ta dukansa don ya amsa laifi. Sai da muka sayar da tunkiya muka biya kuɗin beli sannan aka sake shi, daga baya kuma aka ga babur ɗin a hannun wani daban. Har yau hannunsa na dama ba ya iya riƙe fartanya. Manya sun ce mu bar wa Allah, ba a ja da hukuma. Shin talaka irina zai iya kai 'yan sanda ƙara? A ina ake kaiwa, kuma lokaci bai ƙure mana ba? Ina roƙon a sakaya sunana.

Daga wani mai karatu, Mawashi, Jihar Katsina.

AMSA

Malam, sannunku da wannan jarrabawa. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya ƙara wa Baba haƙuri. E, kuna da ikon kai ƙara, kuma lokaci bai ƙure muku ba. Zan ɗora bayanina a kan abin da ka faɗa, tunda bakinka kaɗai na ji, alƙali kuwa sai ya ji kowane ɓangare. Idan dai yadda ka kawo maganar haka take, to doka huɗu aka taka a kanku.

Abin da aka yi muku a idon doka

Na farko shi ne tafiya da Baba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, a sashe na 36. Tun kafin ita ma, dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Tarayya ta 2015 ta hana hakan a sashe na 7. Ba a kama uba don ɗa, ba a kama mata don miji. Saboda haka Baba ma yana da nasa haƙƙin da zai nema, ko da dare ɗaya ya kwana a can.

Na biyu, kwana 6 ba kotu. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kamun nasa a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya kuma iyakance tsarewa: idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne a gurfanar da shi, idan babu, kwana 2, ko wa'adin da kotu ta ga ya dace. A yankin Kankiya da Kusada garuruwa kusa suke da juna, zai yi wuya a ce nisan kotu ne ya hana. Ƙofa biyu ce kawai 'yan sanda kan fita ta nan. Ɗaya, idan laifin da ake zargi mai hukuncin kisa ne, kamar kisan kai ko fashi da makami. Ɗayar kuma, idan sun karɓo takardar izinin ci gaba da tsarewa daga alƙalin majistare. Satar babur ba tare da makami ba ba ta cikin rukunin farko. Maganar takarda kuwa, lauya zai nemi su fito da ita a gaban kotu. Wannan sashen dai shi ne ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba, haƙƙinsa ne a biya shi diyya, a kuma nemi afuwarsa a bainar jama'a. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar Jim-Jaja da Kwamishinan 'Yan Sandan Jihar Ribas, inda ta nuna cewa da zarar an tabbatar da tsarewa ta haram, diyya da neman afuwa sun wajaba.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne ɗauri da duka. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki ya hana azabtar da mutum ko wulaƙanta shi, kuma bai ware kowa ba, ko ɓarawo ne da aka kama da kaya a hannu. A watan Disamba na 2017 aka sa hannu a Dokar Hana Azabtarwa, wadda ta jero ire-iren azabar da aka saba ji: duka, hana abinci, jona wa mutum lantarki, ƙona shi da taba, tura kansa cikin ruwa, da ɗaure shi ko tilasta masa wani zama mai wahala. Hukuncin wanda ya aikata yana kaiwa ɗaurin shekara 25, idan kuwa rai ya fita, shari'ar kisan kai za a yi masa. Dokar ta toshe uzurin nan na "oga ne ya sa ni", ta kuma ɗora laifi a kan babban da ya ba da umarnin. Irin ɗaurin da ƙanenka ya kwatanta, na haɗa hannuwa ta baya har jini ya daina zagayawa, sananne ne. Sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fitar da fim a kansa a 2020. Sannan duk amsa laifin da aka ƙwata da duka, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓarta.

Na huɗu, kuɗin beli. Belin ofishin 'yan sanda kyauta ne, su da kansu sun rubuta sun manna a bangon ofisoshinsu. Abin da beli yake buƙata shi ne mai tsaya wa mutum, ya ɗauki alkawarin kawo shi duk ranar da aka neme shi. Kuɗin tunkiyarku ba su da gurbi a doka, kuma kuna iya neman a dawo da su cikin abin da za ku roƙi kotu.

Ina ake kai ƙarar, kuma yaya take tafiya?

Sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda aka tauye wa ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙoƙi ya nufi Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. A wurinku, Babbar Kotun Jihar Katsina ce, ko Babbar Kotun Tarayya da ke cikin birnin Katsina. Kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci ba su da hurumin irin wannan ƙara, kada ku ɓata kuɗin mota a can.

Hanyar da ake bi tana cikin ƙa'idojin da Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi, ya fitar a 2009, kuma an tsara su ne don sauƙaƙa wa mai rauni. A da sai ka fara neman izinin kotu kafin ka shigar da ƙara, kuma akwai wa'adi. Ƙa'idojin 2009 sun cire duka biyun. Babu wata dokar ƙurewar lokaci da ke kashe ƙarar tauye haƙƙi. Sun kuma yarda wani ya shigar a madadin wani, wato kai kana iya tsaya wa ƙanenka ko Baba. Da har yanzu yana tsare, da kai za ka yi rantsuwa a madadinsa, a roƙi alƙali ya ba da umarnin gaggawa a kawo shi ko a sake shi.

Mafi yawa irin wannan shari'a da takardu ake yin ta. Lauya zai zauna da ƙanenka ya rubuta duk abin da ya faru daki-daki a takardar rantsuwa, ya haɗa da hujjoji da bayanin doka, ya jera abin da ake roƙo: kotu ta bayyana cewa kamun da tsarewar da dukan haramun ne, ta sa a biya diyya da kuɗin magani, a nemi afuwa a jarida, a kuma hana sake kama shi a kan wannan maganar. Waɗanda ake ƙara suna da kwana 5 su mayar da martani bayan an kai musu sammaci. A takarda abu ne mai sauri, a zahiri kuwa ɗage zama yakan ja shi watanni, wani lokaci fiye da shekara.

Wa ake sakawa a ƙarar? Ɗan sandan da ya yi aikin idan an san sunansa, da DPO, da Kwamishinan 'Yan Sandan jiha, da Sufeto Janar. Mai babur fa? A nan sai an yi hattara. Kotuna sun sha cewa wanda ya kai rahoto da zuciya ɗaya ba shi da laifi a kan abin da 'yan sanda suka yi daga baya. Sai in an nuna ƙage ya yi da gangan, ko shi ya tsaya kai da fata yana zuga a ci gaba da tsarewa, sannan ake haɗawa da shi.

Hujja ita ce shari'ar

Malam, nan ne nake so ka fi ba ni hankalinka, domin nan yawancin ƙararrakin talakawa suke faɗuwa. Da wuya 'yan sanda su zo kotu su ce sun yi duka. Abin da aka saba ji shi ne ba a taɓa shi ba, ko kuma a ranar aka ba da belinsa amma babu wanda ya zo ya tsaya masa. Alƙali bai je wurin ba, abin da aka ajiye a gabansa da shi zai yi hukunci. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani: kumburi yana sacewa, shatin igiya yana dushewa, shaidu suna mantuwa.

Wata biyu sun wuce, amma ba komai ya tafi ba. Gobe-goben nan ka ɗauki ƙanenka zuwa asibitin gwamnati, Babban Asibitin Kankiya ba shi da nisa da ku. Ya gaya wa likita gaskiyar abin da ya same shi da ranar da ya faru, kada kunya ko tsoro su sa ya ce faɗuwa ya yi daga babur, domin abin da aka rubuta a katin shi kotu za ta karanta. A ɗauki hoton ƙashi idan likita ya ce a yi. Ku nemi rahoto a rubuce mai sa hannu da hatimi. Ku adana katin da rasit ɗin kowane magani. Sannan ka fito da shi tsakar gida da rana, ka ɗauki hoton wuyan hannuwansa da gwiwar hannu da bayansa: hoto ɗaya da fuskarsa a ciki don a san shi ne, ɗaya kuma kusa-kusa a kan tabon. Idan rigar da ya fito da ita tana nan da jini ko yagewa, a ninke ta a sa a leda, kada a wanke. In mai ɗori ko mai kemis ne ya fara duba shi da ya fito, shi ma shaida ne.

Haka maganar kwanaki. Wa ya riƙa kai masa abinci kullum? Wa ya raka ka ranar biyan kuɗi? Wa ya sayi tunkiyar, a wace kasuwa, ran wace rana? Idan ta hannun mai POS aka tura kuɗin, ɗan rasit ɗin nan ya fi dogon bayani. Kada ka goge kiran waya da saƙonnin makon. Mai unguwa ko dagacin da ya sa baki a lokacin ya san ranar kamu da ranar saki. Ka samu littafi ka rubuta duk wannan yau, da boko ko da ajami, da sunayen 'yan sandan da kuka ji ana kira. Ka tuna shari'ar George Floyd, wanda ya mutu a hannun 'yan sanda a Amurka: bidiyon da wata yarinya ta ɗauka da wayarta a 2020 shi ya sa aka yanke wa ɗan sandan da ya danne masa wuya ɗaurin shekara 22 da rabi, birnin Minneapolis kuma ya amince ya biya iyalansa dala miliyan 27.

An taɓa cin nasara a ƙasar nan?

An taɓa, kuma a Arewa. A watan Yuli na 2009, lokacin rikicin Maiduguri, wani dattijo da ya haura shekara 70, Baba Fugu Mohammed, surukin Mohammed Yusuf jagoran ƙungiyar da ta yi rikicin, ya kai kansa wurin 'yan sanda da ƙafarsa, bai fito da rai ba. Iyalansa suka kai ƙara Babbar Kotun Jihar Borno. A watan Afrilu na 2010 kotu ta yanke cewa kisan haramun ne, ta sa a biya su naira miliyan 100. Gwamnatin Borno a ƙarƙashin Kashim Shettima ta biya kuɗin a watan Janairu na 2012.

Akwai kuma na unguwar Apo a Abuja. Ran 20 ga Satumba 2013 jami'an tsaro, sojoji da na farin kaya, suka buɗe wuta a wani kango da talakawa 'yan ci-rani ke kwana, yawancinsu masu tuƙa Keke Napep. Mutum 8 suka mutu, 11 suka jikkata. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bincika, a 2014 ta yanke a biya iyalan kowane mamaci naira miliyan 10, kowane mai rauni miliyan 5, jimla miliyan 135. Sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta biya.

Ka dubi tazarar da ke tsakanin hukunci da biya a duka biyun, domin nan ne ɗacin maganar yake. Samun hukunci ya fi karɓar kuɗi sauƙi. Sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai Antoni Janar ya yarda, kuma mutane da yawa suna riƙe da takardar nasara shekara da shekaru ba su ga ko kwabo ba. Diyyar tsarewa ta 'yan kwanaki kuma ba ta kusa da waɗancan kuɗaɗe, alƙali yakan auna tsawon tsarewar da girman raunin da asarar da aka yi. Duk lauyan da ya yi maka alkawarin miliyoyi nan da wata ɗaya, ka nemi wani.

Idan babu kuɗin lauya

Akwai ƙofofi na kyauta. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Katsina, aikinta tsaya wa marasa ƙarfi. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ita ma tana da ofis a jiha, ba a biyan ko sisi don kai mata koke, kuma tun gyaran da aka yi wa dokarta a 2010 hukuncinta yana da ƙarfin na Babbar Kotu idan an yi masa rajista. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya tana da kwamitin kare haƙƙi a rassanta. Ta fuskar ladabtarwa kuma, ku rubuta koke ga Kwamishinan 'Yan Sanda, da Sashen Karɓar Koke na rundunar da aka buɗe a 2015, da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda mai ikon rage muƙami ko kora. Kowace takarda kuka kai, ku riƙe kwafi a buga muku hatimin karɓa. Kai koke ba ya hana kai ƙara, ana iya haɗa su.

Maganar "a bar wa Allah"

Manyan da suka ce ku haƙura tsoro suke ji muku, kuma tsoron yana da tushe tun zamanin 'yan dokar En'e. Ka saurare su da ladabi, ka kuma nuna musu cewa kai ƙara ba ja da hukuma ba ne, domin kotu ma hukuma ce, kuma gwamnati ce da kanta ta kafa dokokin nan. Neman haƙƙi bai saɓa wa tawakkali ba. Malaman tarihi sun kawo labarin wani Bamisire da ɗan gwamnan Masar, Amru ɗan Asi, ya doka, ya yi tattaki har Madina, Sayyidina Umar ya kira uba da ɗa ya karɓar masa haƙƙinsa. Ba kuma gaba ce da 'yan sanda ba. Mun san yadda da yawansu suke rasa rayukansu a fafatawa da 'yan bindiga a jihar nan, mun kuma san akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Mai dukan wanda ake zargi su yake ɓata wa suna, sannan ga aikin banza: kwana 6 ana dukan marar laifi, ɓarawon gaske yana can da babur.

Game da tsoron ramuwa, Dokar Hana Azabtarwa ta wajabta a kare mai koke daga barazana. Abin da ya fi ba da kariya a aikace shi ne maganar ta fito fili: akwai lauya, akwai lambar ƙara, Kwamishina ya sani. Kada ƙanenka ya sake zuwa ofishin shi kaɗai, kuma kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Idan an nemi sulhu ta hannun hakimi ko dagaci, sulhu alheri ne, amma a yi shi a rubuce, lauyanku yana zaune, a biya magani, a dawo da kuɗin beli. Ka kuma tuna yafiya ta mai haƙƙi ce. Ƙanenka aka doka, Baba aka tsare, su ne za su ce sun yafe ko ba su yafe ba, ba tare da an matsa musu ba.

Shawarata gare ka, Malam, ita ce ka fara da asibiti da hotuna a makon nan, ka rubuta sunayen shaidu, sannan ku shiga mota zuwa Katsina da takardunku ku ga lauya ko ɗaya daga hukumomin da na ambata. Ko daga baya kuka zaɓi sulhu, da hujja a hannu za ku zauna. Sauran masu karatu kuma, duk wanda aka kama masa ɗan'uwa, ya rubuta rana da lokaci tun daga awar farko, ya tambayi laifin da ake zargi, ya nemi beli ba tare da biyan kuɗi ba, in kwana ɗaya ya wuce ba kotu ya nemi lauya. Allah ya tsare mu daga zalunci da yin sa, ya ba mai gaskiya sa'a.